Sunan da Inna Ta Kai Dutsen Maiki

Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Madarumfa, duk gari Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. A shekarar 1968 ya ɗauko wata ɗabi'a daga wani Bature da suka yi aiki tare a Maraɗi, wato tafiya ba dalili. Shi yana kiranta shan iska. Ni dai a iya sanina mutum yana tafiya gona, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. A ɗaura takalmi a nufi daji don a kalli itatuwa a dawo, wannan sai wanda bai san zafin garma ba. Na gaya masa iskar tsakar gidanmu ba ta ƙare ba. Ya yi dariya, ya ce ranar Lahadi har da ni da yara za mu hau Dutsen Maiki.

Dutsen yana kudu da gari, cikin gandun dajin da gwamnati ta killace ta hana sara da kiwo. An share ƴar hanya har kansa, an shafa wa duwatsun gefenta farar ƙasa don kada baƙi su ɓata. Mushe ya rantse ko ɗan shekara biyar zai hau bai yi haki ba. Yaranmu uku a lokacin: Indo ƴar farina mai shekara tara, Ado mai shida, sai na goye.

Wadda ba mu sa a lissafin tafiyar ba ita ce surukata. Inna ta tsufa, idonta ya fara hazo, ƙafa kuma sai da sanda. Tana jin sunan dutsen ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi, ta ce da ita za a je. Mushe ya kawo zancen gwiwa, ya kawo zancen rana, ta bar shi ya gama tsaf.

"Ibrahim," ta ce wa ɗan nata, "akwai wanda na baro can. Ina son in kira shi tun ina da murya."

Ba mu san wa take nufi ba. Mun dai san an haife ta, an kuma aurar da ita, a wani ƙauye da ke gindin dutsen, wanda aka tasa lokacin da aka yi gandun. Ni daga wannan magana tafiyar ta fita raina, amma ba a ce wa suruka ta zauna gida.

Amalanken jaki ya kai mu bakin gandun da hantsi. Gardin dajin, wani dogo mai suna Ɗan Baba, ya karanta mana dokokinsa: kar a karya reshe, kar a bar fararen duwatsu, a sauko kafin la'asar. Da ya ga Inna sai ya rage murya, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta gaya masa unguwarsu ta da. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya a nan, bai taɓa ganin mutumin ƙauyen ya dawo ba, ko da wucewa.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai min kafaɗa. Yara suka yi gaba suna tsalle daga farin dutse zuwa farin dutse, Mushe yana binsu yana faɗa musu sunayen itatuwa da Faransanci, sai ka ce kuka da marke ba su da suna kafin ya je lakwal. Ni ina baya tare da Inna. A gida sai na riƙe mata hannu ta ƙetare dokin ƙofa, amma a nan ba ta ko kallon ƙasa.

Da muka iso wani fili mai kukoki uku sai ta tsaya ta yi sallama. Na waiga ban ga kowa ba. Ta ce gidan maƙera ne. Muka ƙara gaba kaɗan ta sake sallama, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, ta wuce. Babu bango, babu danga, sai ciyawa da wani fasasshen dutsen niƙa da ya nutse a ƙasa. Duk da haka na tsinci kaina ina kauce wa inda ta ce ɗaki ne, ina tattare zanena kada in taɓa abin da babu shi. Na goye da bai daina ƙorafi ba tun daga gari ya yi shiru, na kai hannu na shafa shi don in ji numfashinsa.

Hawan kansa, gaskiyar Mushe, ba wani abu ba ne. Sau biyu muka huta saboda Inna. Saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne kamar masussuka, daga gabas ana hango tafkin Madarumfa yana ƙyalli, daga kudu kuma wani kwazazzabo mai zurfi, a ƙetarensa wani bangon dutse tsaye cike da kogunan da ba a ganin cikinsu. Na dama fura, na buɗe dafaffiyar gyaɗa, muka zauna a inuwar wani gamji.

Mushe ba ya iya ganin yara zaune bai koyar da su wani abu ba. Ya kai su bakin kwazazzabon, ya haɗa tafin hannu a baki ya kira Ado. Bangon ya mayar masa da sunan sarai, har sau biyu. Yara suka haukace da murna. Suka kira kansu, suka kira jakin da ya kawo mu, suka kira akuyarmu ta gida, dutsen bai ƙi ko ɗaya ba. Ubansu yana ta bayanin yadda murya ke bugun dutse ta dawo.

Inna ba ta taɓa furarta ba. Ta kira ɗanta ta ce ya zauna. A nan, gaban yara, ta gaya masa abin da ya kai shekara arba'in bai sani ba. An ce masa yana da wa da zazzaɓi ya kashe kafin a haife shi. Ba zazzaɓi ba ne.

Yaron shi ne ɗanta na fari. Kowa ya san yadda muka taso: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle surukai. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe, har bai san Inna ce uwarsa ba, Yaya yake ce mata. Yana ɗan shekara biyar suka hau wannan dutsen yin itace, ita da uwar mijinta da ƙannen mijin mata biyu, shi yana biye da su. Ita ce ta fara lura ba ya nan. Ba ta yi magana ba, don ba ita ya kamata ta fara lura ba.

"Ya kira ni," in ji Inna. "Sau biyu, daga wajen kwazazzabon ga. Na ji shi da kunnena. Na duƙa ina ɗaurin itace, ina jira ɗayansu ta ji. Tsohuwar ba ta ji sosai, waɗancan kuma suna ta labari."

Kafin kakar ta nemi jikanta, hadari ya haɗo. Kwana uku mazan ƙauyen suna yawo da ganga suna kiran sunansa, ba a samu ko layar wuyansa ba. Ita tana gida tana daka, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta tambayi masu dawowa daga nema ba.

"Sunka yaba ni," ta ce. "Anka ce ba a taɓa kawo ɗiya mai kunya kamata ba cikin gidan."

Ni kuwa haushi ne ya cika ni, ban san wa nake ji wa ba.

Inna ta dogara sanda ta miƙe. Na tashi zan riƙe ta, ta ture hannuna. Ta je daidai inda yara suka tsaya, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta haɗiye yawu ta sake, nan ma haka. A karo na uku muryar ta fito, kuma ba muryar da na sani ba ce, murya ce mai kauri ta mace mai jini a jika, har tsuntsaye suka tashi daga gamjin.

"Audu."

Muka saurara. Bangon da ya mayar da sunan jaki da na akuya bai mayar da wannan ba. Babu ko guntun sauti. Can Mushe ya ce a hankali wataƙila iska ce ta juya, amma ko ganye ɗaya ba ya motsi, shi ma ya sani.

Inna ta daɗe a tsaye, ta karkata kai gefe. Da ta juyo fuskarta a bushe take. Ta ce mu tafi, Audu ya karɓi kiran.

Muka kama hanyar sauka. Ado ya maƙale a hannun ubansa, ni ina riƙe da Inna, wadda ƙafafunta suka koma irin na gida, sai jan su take. Mun wuce rabin hanya, inda ciyawa ta fi tsayi, na ɗaga kai na ƙirga kawuna. Indo ba ta cikinmu. Gaba babu ita, baya babu ita, sai fararen duwatsu da ciyawa a tsaye.

Na dubi Mushe, hankalinsa yana can wani wuri, bai lura ba. Shekara tara ina da yarinyar nan ban taɓa kiranta da bakina ba. Ke nake ce mata, ko in ce waccan. Ga mijina, ga uwarsa a jikina. Wallahi, duk da abin da na ji a saman dutsen nan, sai na ji kaina ina jira wani ya lura. Da na gane abin da nake yi, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kira ta. Sunan ya fito a shaƙe, ko ni da kyar na ji. Inna ta damƙe min tsintsiyar hannu har farcenta ya shiga.

"Ƙara ɗaga murya, Mariama."

Na ɗaga. Na kira ta da duk abin da ke ƙirjina, na sake kira, na goye ya tsala kuka. Tsakanin kiran da amsar ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Sai ciyawa ta motsa daga hagu, can nesa da hanya, ta ɓangaren kwazazzabon, Indo ta fito da ƴaƴan tsada cike da gefen zanenta. Ta dubi ubanta, ta dubi kakarta, ta waiga bayanta wajen dutsen tana neman wanda ya kira ta. Ni ba ta dube ni ba, don ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba.