Tukunyar Miya a Kan Kududdufin Kawu Durk

Baukje ta rataya takalman sulun ƙanƙara a wuya, ta kama hannun tukunyar miya ɗaya, mijinta Wiebe ya kama ɗayan, suna tafiya a karkace za su fita ta ƙofar lambu, sai ta ce, "Tsaya."

"In tsaya da me? Tukunyar nan ta kusa tsinke mini kafaɗa!"

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba."

"To ai shi ne."

Suka dire tukunyar. Abin da ba ta ji ba shi ne gurnanin ɗan injin da ke hura iska cikin kududdufin kifin maƙwabcinsu, Kawu Durk. Kwana goma ke nan tsohon yana asibiti, ya zame a bakin ƙofarsa ya karya ƙugu. Ana cusa shi a mota ya riƙo hannun rigarta, ya ce kifayensa bakwai amana ne a hannunta, kuma abu ɗaya yake roƙo: kada ta bari ƙanƙara ta toshe musu ramin numfashi. Ta ce ya sa ransa a inuwa.

Ta kuwa kula, safe da yamma, har zuwa ranar Laraba da sanyi ya sauko da gaske. Daga nan ƙauyen ya haukace, ita ma ta haukace tare da shi. Shekara takwas rabon da tafki ya daskare har ya ɗauki mutum! Aka rufe shaguna, aka sallami 'yan makaranta, tsofaffi suka hau rufin ɗaki suna tono takalman da tsatsa ta ci. Yau Asabar za a yi zagayen ƙauyuka biyar a kan ƙanƙara, ƙarfe goma sha ɗaya za a rufe tashi, rediyo kuma ta ce gobe iska za ta juya ta kawo ruwan sama. Baukje shekararta sittin da huɗu, gwiwarta ta hagu ta fara yi mata gardama, ta san wata shekara takwas ɗin ba tata ba ce. Kwana uku tana wasa ƙarfen takalmi tana dafa miyar wake ta rumfar bakin tafki, ko sau ɗaya ba ta leƙa ta kan shinge ba.

Yanzu ta leƙa. Kududdufin ya zama faranti guda fari fat, babu rami babu alamarsa.

"Wayyo ni! Wiebe, na kashe wa tsohon nan kifi!"

Wiebe ya tsallaka shingen, ya taɓa injin, ya girgiza kai. Ruwa ya daskare a cikin tiyon, injin ya ƙone. Ya ce ta ba shi minti biyu, ya ruga, ya dawo da gatari yana tofa yawu a tafin hannu. Ita kuwa ta riga ta kira asibiti ta bidiyo, don laifi ne ta yi, gara ta faɗa da bakinta. Fuskar Kawu Durk ta cika wayar, ba haƙora, gashi a miƙe.

"Kawu, ka yi haƙuri, ramin ya rufe. Amma ga Wiebe zai fasa yanzu."

"Da me zai fasa?"

"Da gatari."

"Gatari! Juyo mini da wannan mijin naki! Kai Wiebe, ajiye abin nan kafin in taso da ƙugu ɗaya! Duk saran da ka yi, a jikinsu yake sauka. Suna can ƙasa suna barcin sanyi, ka girgiza su da sara uku, gobe ka kwashe su ciki sama."

Wiebe ya sauke gatarin a hankali. "To da me zan huda, Kawu? Da addu'a?"

"Da zafi, sakarai! Ba zubawa ake yi ba. Tukunya mai zafi ake ɗorawa, ta ci ƙanƙarar da kanta. Kaurin nawa ne?"

"Ya kai tafin hannu," in ji Baukje.

Da tsohon ya sake magana muryarsa ta ragu. Ruɓaɓɓen ganye na ƙasa yana fitar da iska mai guba, ya ce, in ba ta sami hanyar fita ba sai ta shaƙe su. Kwana uku ya yi yawa. Ƙaramar tukunya ba za ta yi ba, sai a yini ana sauyawa.

Baukje ta waiwaya. Can bakin ƙofar lambu tukunyar rumfa tana ta tururi.

"A'a," in ji Wiebe. "Baukje, a'a. Mutum tamanin ke jiran miyar nan."

"Su jira. Ɗauko tsani da igiya."

Suka shimfiɗa tsanin a kwance daga wannan gaɓa zuwa waccan. Suka ɗaure hannayen tukunyar, suka jefa igiyar ta kan reshen tuffa, Wiebe ya riƙe ƙarshenta don kada miya ta bi kifi. Tukunya ta sauka kan ƙanƙara ta ce cuuu! Baukje ta durƙusa a kan tsanin da ludayi. Miyar wakenta irin wadda cokali ke tsayuwa a ciki ce, abin alfaharinta, amma yau kaurin ya zame mata aiki, don in ba ta juya ba ƙasan ya huce, zafin ya maƙale a sama. Ta yi ta juyawa. Takalman da ke wuyanta suna ta dukan ƙirjinta.

"Tana shiga!" ta yi ihu. "Kawu, tana shiga! Ta ci kaurin yatsa!"

"Juya, 'yar nan, juya!"

Daga tafki ana jiyo kiɗa da lasifika. Goma da rabi ta wuce, sai ga Fokke, shugaban kwamitin ƙanƙara, ya shigo yana dogara takalman sulu a kan duwatsun lambu, murfin roba a ƙasan ƙarfen, fuska ja wur. A bayansa mutum kusan ashirin, kowa da kwanonsa, don labari ya kai cewa an ga miya ta shiga gidan Durk.

"Baukje! Me nake gani? Miyar gari kike ba kifi?"

"Ka matsa, kana tare mini haske."

"Mutane na daskarewa a bakin tafki! Ko ludayi ɗaya a zuba mana."

"Wanda ya sa kwano a tukunyar nan kafin ta huda, na rantse da ludayin zan raba masa goshi."

Aka kwashe da dariya. Aka kuma ƙi tafiya. Mutanen da suka yi shekara takwas suna roƙon ƙanƙara suka kewaye kududdufi suna yi wa tukunya kirari ta ci ta. Wasu suka kama wa Wiebe igiya. Wata ta karɓi wayar ta riƙe wa Kawu Durk yana ba da umarni. Duk juyi ɗaya sai a ce "Hoo!" Tukunya ta nutse zuwa rabin tafin hannu, ta wuce.

Agogon coci ya buga sha ɗaya. Baukje ta tsaya da ludayi tana ƙirgawa har bugu na ƙarshe. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai, har idonta ya ciko. Wiebe ya dube ta. Ta cire takalman daga wuya, ta miƙa masa, ta ci gaba da juyi.

Ba a yi minti goma ba sai tukunya ta ce ɓulum, igiya ta miƙe, mutum huɗu suka yi baya.

"Ja! Ja! Kada ta tuntsure!"

Aka ɗaga ta tana ɗiga. A ƙarƙashinta ga rami zagayayye baƙi ƙirin, wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, kowa ya toshe hanci yana murna. Baukje ta kwanta rub da ciki a kan tsanin, tocila a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Ɗaya," in ji Kawu Durk. Wani jan kifi ya gifta a hankali. "Biyu. Uku, ga mai tabo nan. Huɗu." Taron ya kama ƙirga da shi. Biyar! Shida! Sai shiru.

"Saura Magajin Gari," tsohon ya ce. "Babban. Shekararsa ashirin da shida."

Ta karkata tocilar dama, ta karkata hagu. Laka kawai da ganye. Can sai wani abu fari ya motsa daga ƙarƙashin gaɓa, ya taso a karkace, ya daidaita, ya kawo ƙaton bakinsa saman ruwa ya buɗe ya rufe.

Ihun da aka yi, an ce har bakin tafki an ji. Fokke ya rungume Wiebe, suka zame tare suka zube cikin shukar kabeji. Aka afka wa miyar, ta huce ta yi sanyi, ba wanda ya damu.

Baukje ta zauna a bakin kududdufin tana dariya tana share ido. Kawu Durk ya ce ta kawo wayar kusa.

"Kin rasa zagayen."

"Bar shi, Kawu. Kai dai ka warke ka dawo ka karɓi kayanka, ni na gaji da raino."

"Ba zan dawo ba, 'yar nan. Likita ya ce ni da matakala mun rabu. 'Yata ta samo mini ɗaki a gidan tsofaffi a birni, gidan nan kuma za a sa shi a kasuwa. Tun Litinin na sani. Ina ta tunanin wa zan bar wa kifin." Ya ja numfashi. "In sanyi ya wuce ƙasa ta saki, ki sa Wiebe ya haƙa musu kududdufi a gefenku. Zurfin ya kai masa ƙirji."

Ta so ta ce a'a, ta ce zai ji sauƙi, duk irin abin da ake faɗa. A bayanta mutane suna ta kankare gindin tukunya da cokula.

"Me suke ci?" ta tambaya.

"Ki zo ranar Lahadi da biro da takarda," in ji shi. "Abin da yawa."