Zoben Inna Rakiya

Injin ya saki siririyar ƙararsa mai kama da kukan sauro, Baba Barau ya zube bisa gwiwoyinsa tun kafin ta ɗauke.

"Nan ne, Sagiru. Miƙo wuƙar."

Sagiru ya miƙa masa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Limawa, kuma kullum da safe shi yake kawo tsohon lambun shaƙatawar nan a adaidaitarsa kafin ya shiga gari neman fasinja. Yau dai ya kasa tafiya. Tun a hanya yake jin numfashin Baba yana fita da wani irin gurnani.

Tsohon ya caka wuƙar, ya yaye ciyawa, ya shiga yaƙushin ƙasa da yatsu. Abin da ya fito tsohon kwabo ne mai huda a tsakiya, duk ya yi kore. Ya dube shi, ya jefa cikin gwangwanin madarar da ke rataye a ƙugunsa, inda anini da sulalla da marafan lemo da wani ɗan kunne wari guda suke.

"Baba, wannan ai na zamanin Turawa ne. Akwai masu son irinsa."

"Ba shi na zo nema ba. Ɗaga ni."

Injin, mai gano ƙarfen da ke binne a ƙasa, na Muslim ne, ɗan da Allah ya bar wa Baba Barau da matarsa Inna Rakiya shi kaɗai. Ya bi 'yan haƙar zinare zuwa Jado a ƙasar Nijar, kuma zinaren farko da ya samu bai sayar ba, ya sa maƙeri ya yi wa uwarsa zobe. A komawarsa ta biyu rami ya rufta da shi. Wani abokinsa ne ya kawo injin da jakar tufafi, ya ce an yi masa sutura a can. Inna Rakiya ta daure yadda ba a zata ba, sai dai ta rame. Da ƙaramar Sallah Kubura, matar Sagiru, ta lallashe ta suka fito lambun da yara, wai ko ta ga mutane hankalinta ya ɗan kwanta. Sai da suka koma gida aka ga yatsan Inna babu zoben.

Daga ranar Inna ta daina cin abinci, sai kurɓin ruwa, sai kunu cokali biyu in an yi sa'a. Takan zauna a bakin ɗaki tana murza yatsan, duk wanda ya yi sallama ta ɗago ta ce, "An samo?" Kubura kuwa ta yi kuka har ta gode Allah. Sagiru ya taɓa zuwa wajen maƙera ya sa an yi wani kamarsa, ya shafe shi da ƙasa ya kai mata. Ta jujjuya shi, ta miƙo masa abinsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Nawa akwai ɗan lotso ta ciki, inda Muslim ya cije shi don ya nuna mini na gaske ne."

Shi ne Baba Barau ya sauko da injin daga saman sif, ya koya wa kansa aiki da shi, yana tafe yana share ƙasa da shi kamar mai shara. Ya duba bakin ƙofa, ya duba wajen masu sayar da lemo, ya duba gindin kujerun siminti. Saura ƙarƙashin itatuwan dabino, wajen lilon yara.

Mai gadin lambun ya ƙaraso yana goge gumi. "Baba, ka dai ga tifa ta sauke bulon intalok na daɓe jiya. Gobe da sassafe ma'aikata za su fara shimfiɗawa, daga lilo har bakin katanga. Wallahi ba ni da ta cewa."

"Gobe?"

"Gobe, Baba."

 Tsohon ya gyara riƙon injin ya nufi dabinon. Rana ta take, duwatsun da ke bayan gari har wani hayaƙi-hayaƙi suke yi don zafi. Injin ya yi ƙara, ƙusa. Ya sake yi, marfin kwalba. Ya sake, guntun cokali. Duk durƙusawar da zai yi sai Sagiru ya kama hammatarsa ya tayar da shi, kuma kowane tashi ya fi na baya nauyi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a ƙashin bayansa.

"Baba, don girman Allah ka zauna a inuwa. Ba ni injin, ni zan ƙarasa."

"Kunnenka bai san muryarsa ba. Ƙarar zinare daban take, taushi gare ta. Za ka wuce shi ba ka sani ba."

"To ka sha ruwa."

"Ita ta sha ne?"

Ana haka ƙarar ta fara shaƙewa, ta yi ƙasa, ta mutu. Baba Barau ya girgiza injin, ya bubbuga shi da tafin hannu.

"Batir ne. Sagiru, yi wa Allah, ruga shagon tsallake."

Sagiru ya ruga. Shagon farko babu irinsa, na biyu mai shi ya tafi salla, sai a na uku ya samu. Da ya dawo ya hango injin yashe a ƙasa. Baba bai jira ba. Yana durƙushe a gindin lilo yana tona ƙasa da hannu biyu, ba inji ba wuƙa, nan ya tona ya bari, can ya tona ya bari. Kafin Sagiru ya isa, tsohon ya kife a kan hannuwansa.

"Baba! Innalillahi! Mai gadi, kama mini!"

Suka kinkime shi zuwa adaidaita. Mai gadin ya zauna a baya ya rungume shi, Sagiru ya fisgi mashin ya hau titin asibiti yana danna hon ba ƙaƙƙautawa.

"Sagiru." Muryar da ƙyar take fita.

"Na'am, Baba. Mun kusa."

"Kada ka ce mata babu. Ka ce ba a gama dubawa ba."

"To, Baba. Ka yi shiru, ka huta."

Ya ji mai gadin yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya ji tsohon yana bi a hankali. Kafin su kai shataletale sai muryar mai gadin kaɗai. Likitan da ya fito ƙofar asibiti ya taɓa wuyansa kawai ya ce su yi haƙuri.

Sagiru ne ya fara shiga gidan. Inna Rakiya tana bakin ɗaki, Kubura na gefenta da kofin kunun da ya huce.

"An samo?"

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ba a gama dubawa ba."

Ta gyaɗa kai. Sannan idonta ya sauka a kan hular Baba Barau da ke hannunsa, ta daɗe tana kallonta.

"Ina ka baro Malam?"

Kubura ta saki kofin.

Bayan la'asar aka yi masa wanka a zauren gidan, liman yana zuba ruwa, Sagiru yana cuɗawa. Da suka zo kan hannuwa ruwan ya riƙa sauka ja. Aka wanke, aka sake wankewa, amma ƙasar ta ƙi fita daga ƙarƙashin farata. A waje mutane sun fara tsayuwa sahu. Sagiru ya ce a ɗan dakata masa. Ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya ɗora hannun tsohon a kan cinyarsa, ya fara da ɗan ƙaramin yatsa.