Giyar Shinkafa a Kan Inji

Kawu Deok-su, bakanike kuma aminin Baba tun suna yara a Andong, ya sha canza wa tsohuwar motarmu kik, wato na'urar tayar da inji, amma ba a jimawa sai ta ƙi tashi. Ni na gano dalilin. Bayan kowane gyara, Baba kan kwarara giyar shinkafa a kan injin don neman sa'a, maimakon a kan tayoyi kamar yadda kowa ke yi a al'adarmu. Giyar ta gangara, wayoyin kik ɗin su yi tsatsa.

Na gaya wa Baba a hankali.

"Ke Yeon-ju, abin da jami'a ta koya miki ke nan, raina ubanki? Wancan tsohon macucin ne ke sa min jabu!"

Da Kawu ya kawo wani kik ɗin kyauta, Baba ya ƙi buɗe masa ƙofa. Ina kallon Kawu ta taga, ya daɗe a tsaye kafin ya juya.