Rawar da Inna Ba Ta Kalla Ba

A zamanin da muke yara, talabijin ɗinmu a ɗaki yake yini, lulluɓe da ƙyalle mai ado kamar amarya. Sai la'asar ta yi sanyi, an yayyafa ruwa a tsakar gida, an fito da gadajen igiya, sannan Baba ya rungumo shi ya ɗora kan teburi, ya jona masa batirin mota. Duk layinmu a unguwar Umbadda ta Omdurman mu kaɗai ke da shi, saboda haka kafin a kunna, yaran maƙwabta sun cika tabarma, wasu har kan katanga. Har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai in ji kamar za a fara shirin yara.

Wata mata ce ke gabatar da shi, mai taushin murya, kowane yaro a Omdurman ya ɗauka gwaggonsa ce. Akwai 'yan tsana masu magana, akwai tatsuniya, akwai yara sanye da fararen kaya suna waƙa. Bayansa kuma sai shirin raye-raye: mutanen yamma masu buga ƙafa har allon ya yi kamar zai yi ƙura, na gabas da takubbansu, sai matan arewa masu rawar wuya, waɗanda ke tafiya a hankali kamar ba ƙasa suke takawa ba. Komai fari da baƙi ne, amma ni na rantse ina ganin launin tufafinsu.

Ni ce Nabila, autar gidan, wadda aka shagwaɓa har ta lalace. Yayata kuwa Fatimatuzzahra, da muke kira Yaya Zahra, ita ce 'yar fari. Kakannin Inna sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji suka zauna a nan, kuma cikin abin da ya iso da su lafiya lau har da kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta yabonta, ba ta kallonta a gaban mutane. Ko gishiri take so ta miƙo mata, sai ta ce, "Nabila, gaya wa yayarki ta kawo gishiri," alhali Yayar na zaune kusa da ita fiye da ni. Maƙwabtanmu Larabawa sun kasa gane abin, har wata ta taɓa tambayata ko ba Inna ce ta haife ta ba.

Ana nan sai malamar su Yaya ta zaɓe ta cikin yaran da za su yi rawa a shirin yara. Ranar an sa mata ɗan ƙaramin tobi, wato lafayar matan nan, an yi mata kitso ƙanana, motar makaranta ta ɗauke su zuwa gidan talabijin na bakin kogi. A gidanmu kuwa ba masaka tsinke. Da Yaya ta bayyana a allo, ta ɗage kai baya, ta rufe ido, ta fara tahowa kamar kurciya, mata suka kaure da guɗa, Baba ya tashi yana kaɗa yatsu a saman akwatin, yadda ake jinjina wa mai rawa a nan. Inna kuwa, da mata suka juyo suna kallonta, sai ta miƙe ta shige madafa, wai wainar kisra za ta ƙone. Ba a ko hura wuta ba.

Shirin kai tsaye ake yinsa, don haka ita ma Yaya ba ta ga kanta ba. Da ta dawo, tambayarta ta farko ita ce, "Inna ta gani?" Ni kuma da bakina mara linzami na gaya mata gaskiya. Ta cire tobin ta ninke. Daga nan ba ta sake rawa ba, ko a bikinta sai da aka haƙura.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu, yaƙi ya zo ya kore mu, muka dawo muka tarar da gida babu ƙofofi, balle talabijin. Idon Inna ya yi yana, haske da inuwa kawai take rarrabewa, kuma kullum raguwa yake yi. Ɗan Yaya, Hazim, ya gama wa mahaifiyarsa shirin komawa wurinsa a Masar. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun san da wuya ta dawo ta tarar da Inna da rai.

Sai Yaya ta ɗauki wani ciwon kai ta ɗora wa kanta: wai sai ta nemo hoton rawar nan ta sa a gaban idon Inna kafin ya rufe. Mace da jikoki, tana bin motar haya a wannan rana, daga wannan tsohon ma'aikaci zuwa wancan. Na yi mata tsiya har na gaji. A ƙarshe ta samu wani dattijo a unguwar Soba wanda ya riƙe na'urar ɗaukar hoto a wancan zamani. Ya ba ta shayi, ya ce mata irin waɗannan shirye-shirye ba a naɗarsu, iska ake sakar wa, wanda ya gani ya gani.

Ta dawo da la'asar, ana gobe za ta tafi. Na yayyafa ruwa a tsakar gida, na fito da Inna kan gadonta. Yaya ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi, tana ba ni labari ƙasa-ƙasa.

"Kalas, ya Nabila," in ji ta. "Babu shi. Wani lokaci har sai in ce ko mafarki na yi."

Ashe kunnen Inna na wurinmu. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce, "Nabila, gaya wa yayarki ba mafarki ba ne. Na ji guɗar."

Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gaya wa Inna guɗa kowa ya ji."

Raina ya ɓaci da su duka biyun. Na ce, "Wallahi na gaji da zama waya a gidan nan. Ga ku ga juna."

Ba wadda ta kula ni. Inna ta juya fuska wajen katanga, ta yi magana kamar da katangar take yi.

"Na tsaya a bayan ƙofar madafa. Na ce bari mata su ɗauke ido daga kaina sai in leƙo. Na ɗauka abin zai daɗe, kamar rawar biki da ake kaiwa dare. Da na leƙo, 'yar tsana ce ke magana." Ta murza carbin. "Na yi ta zama gaban akwatin nan duk Juma'a, ko za su maimaita."

Ban taɓa sanin haka ba. Ni da nake ganin shirin yara take so, har ina zolayarta. Tausayinta ya kama ni.

"Nabila," in ji Inna, "rana ta wane gefe take?"

Na ce tana kan katangar yamma, ta kusa faɗuwa.

"To, ce wa yayarki ta tsaya tsakanina da ita. In mutum ya tare haske ina ganin surarsa."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara, ta gyara tobinta ta je ta tsaya. Babu kiɗa, sai na jawo bokiti na kife shi na fara bugawa a hankali.

Da farko jikin ya ƙi. Can sai ta rufe ido, kai ya tafi baya, kafaɗu suka sauka, ta fara tahowa. Ƙasar jiƙaƙƙiya ba ta ko motsi a ƙarƙashinta. Rana ta zagaye ta da ja, fuskarta ta ɓace, sai surar kawai, siririya, kamar ta yarinya. Na ji kamar tsakar gidan ta cika, kamar akwai ƙafafu na lilo a kan katanga, amma ban waiwaya ba.

Inna nake kallo. Fuskarta ta fara kaucewa gefe da kanta, yadda ta saba. Sai na ga ta sa hannu ta riƙe haɓarta, ta dawo da ita, ta buɗe idanun nan masu yana iya buɗewa. Hawaye na zuba, ban sani ba ko na rana ne.

Yaya ta tsaya tana haki, ta dafa ƙugu.

"Farkon ya wuce ni," in ji Inna. "Sake."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai na ga ba ni aka aika ba. Yaya ta share fuska da gefen tobi, ta dubi abin da ya rage na ranar, ta ja da baya zuwa inda ta fara.