Kan Kifin Baba Arvid

"Mama, don Allah kashe murhun nan," in ji Perpetua tun daga bakin ƙofa, tana toshe hanci. "Warin okporoko ya cika bene. Ga mutum kwance rai a hannun Allah, kuma ɗan Norway!"

Mama Zipporah ba ta kashe ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da labarin ƙasa a Pankshin kafin 'yarta ta ɗauko ta zuwa Greensboro ta Amurka, ba ta taɓa karanta inda aka ce hancin 'yan Norway daban yake ba. Ta ci gaba da juya miyar agushinta, kan busasshen kifin, wato okporokon, yana ta laushi.

Perpetua nas ce, 'yar cocinsu, ita ke jinyar Baba Arvid, tsohon da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Mama a wani gidan haya kusa da Sedgefield. Kwana huɗu ke nan bai sa komai a bakinsa ba. Matan coci sun kawo kek daga wani shago na Irving Park, unguwar masu kuɗi, sun kawo inabi da kifin salmon, don a ganinsu abin da ya saba ci ke nan. Sun ce a Norway jariri ma da rabonsa na man fetur ake haihuwarsa. Rigar sanyinsa mai faci a gwiwar hannu kuwa, ai haka masu kuɗin gaske suke ɓad da kama.

Ita dai Mama ta sha ganinsa yana ɗinke safa a baranda, kuma ta san motar 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya.

Aka buga bango sau uku.

"Kin gani ko?" Perpetua ta fita da sauri. Ba ta jima ba ta dawo, ta tsaya sororo. "Wai wa ke dafa kifin garinsu."

Mama ta zuba miya a kwano, ta tsamo kan kifin ta ɗora a sama, ta bi ta.

Tsohon ya rame, sai hanci da idanu. Suka tallafe shi da matashi. Ya daɗe yana shaƙar tururin kafin ya yi magana, da Turancinsa mai nauyi.

"Ina ɗan shekara takwas nake aikin wannan a bakin teku, yatsu sun daskare. Mu yara mu yanke harsunan kifin, a jera kawunan a igiya su bushe, a loda su zuwa Najeriya. Uwata takan ce ku attajirai ne, tun da daga ƙarshen duniya ake kai muku kifi."

"Mu?" Mama ta yi dariya har da tari. "Baba, ai kan kifin da ƙashi muke saye."

"Mu ma shi muke ci. Mai kyaun na sayarwa ne."

"To, man fetur ɗin fa?" in ji Perpetua.

"Saura shekara biyu a gano shi na baro gida. Labarinsa nake ji, kamar ke."

Ya sha miya cokali biyar, Perpetua tana tare masa haɓa da tsumma. Sannan ya sa yatsa cikin kan kifin, ya lalubo ba tare da ya duba ba, ya zaro wasu ƙasusuwa biyu farare, kamar ƙwayar kabewa. Ya ce da su suke wasa suna yara. Ya ajiye su a gefen faranti, ya ce ya gaji.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Matan coci suka zo da kwalliyarsu, suna jiran dangi su sauka daga jirgi. Wadda ta bugo waya daga can 'yar ƙanwarsa ce. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ta ce ba ta samu wanda zai karɓe ta ba sai wani mako. Matan suka kalli juna. Ɗaya ta ce ƙila rowa ce irin tasu. Kek ɗin yana nan a firij ba a yanka ba.

Mama ta shiga ɗakin tsohon ta ɗauko kwanonta. Ƙasusuwan suna nan a gefen farantin, miya ta bushe a jikinsu. Ta kai su ɗakinta, ta wanke da ruwan ɗumi, ta shanya su a kan taga, wajen da rana ke fara bugawa.