Ranar da Aka Kai Tela Kotu

Masinjan kotu ya ƙi ajiye takardar a kan tebur. Ya ce an umarce shi ya damƙa ta a tafin Kwamanda, ba a hannun sakatare ko mai gadi ba. Kwamanda ya miƙa hannu ya karɓa kamar wanda aka miƙo wa garwashi.

Ba yau kotu ta fara cewa a fito da Tela ba. Amma takardun baya duk sunan ma'aikatar tsaro suke ɗauke da shi, ita kuwa ma'aikata ba ta da wuyan rigar da za a cafka. Ta yau Kwamanda aka ambata, shi da kansa, shugaban gidan da ake tsare mutane: ya kawo Tela gaban mai shari'a kafin kotu ta tashi, in ba haka ba a ɗaure shi da laifin raina kotu.

Tela ya fi shekara a gidan. Bayan bam ɗin da ya tashi a babbar tashar mota, majalisa ta yi gaggawar kafa dokar da ta ba Minista ikon tsare duk wanda ake zargi, sa hannunsa kawai ya isa, in wa'adi ya cika ya sake sa hannu. Kowa ya yi na'am da dokar a lokacin, har Kwamanda, domin yana cikin waɗanda suka kwashi gawa a tashar. A jikin wandon ɗaya daga cikin maharan aka ga tambarin shagon Tela. Da aka tambaye shi ya ce shi duk wanda ya kawo yadi yana auna shi ya ɗinka masa, bai taɓa tambayar mutum inda zai je da wandonsa ba. Tun daga ranar ba a sake tambayarsa komai ba, ba a kuma tuhume shi da komai ba.

Kwamanda ya rufe ƙofar ofis ya kira Darakta, ubangidansa a ma'aikata, a waya. Ya karanta masa takardar tun daga sama har ƙasa. Darakta ya saurara yana kurɓar wani abu, sannan ya ce maganar ba ta canza ba, babu wanda zai fita sai an ji daga sama.

"To ranka ya daɗe, a ba ni umarnin a rubuce, in sami abin da zan nuna wa kotu."

Darakta ya yi dariya. "Haba Kwamanda, yau ka fara aiki? Irin wannan ai ba a rubutawa."

"Ni za a ɗaure, ranka ya daɗe."

"Ɗaurin kotu ai da sauƙi, yana da ranar fita," in ji Darakta. Ya ƙara da cewa Kwamanda ya tuna da wanda ya gada a wannan kujerar, ya kashe waya.

Kwamanda bai manta ba. Wanda ya gada ya saki wani tsoho bisa umarnin kotu, mako bai zagayo ba aka ce yana taimakon 'yan ta'adda, aka ɗauke shi da wannan dokar da yake yi wa aiki. Har yau iyalinsa ba su san ɗakin da yake kwana ba.

Da ya buɗe ƙofa sai ya ga mataimakinsa a tsaye dab da ita, waya a hannu, yana ta duban bango kamar an rubuta wani abu a jiki. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce Kwamanda bai ƙame ba, kuma duk abin da aka faɗa a ofishin da safe yakan isa kunnen Darakta kafin azahar.

Kwamanda ya koma ya zauna. Fanka tana juyawa tana ƙara, iskar ba ta isowa ƙasa. Ya kira matarsa don ya ji muryar da ba ta aiki ba, amma ta gane tun daga sallamarsa. Da ya gaya mata, sai ta tuna masa cewa gidan da suke ciki na ma'aikata ne, babbar 'yarsu kuma jarrabawa take yi.

"Baban yara, ba kai ka kafa dokar nan ba. Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba."

Ya ce ya ji.

"To shi mutumin, ya yi abin da ake cewa?"

"Ban sani ba. Babu wanda ya sani. Ba a bincika ba."

Yana jin ƙarar famfo a bayanta. Daga ƙarshe ta ce ya daure ya sa wani abu a cikinsa, kada ya sha maganin hawan jini da yunwa.

Ta taga yana hango yayar Tela a gindin katanga, inda 'yar inuwa take. Kusan kullum tana nan da jakar leda ta wankakkun kaya, har masu gadi sun saba, su ma Yaya suke ce mata. Ita ta sayar da keken ɗinkin ƙanenta ta ɗauki lauya. Yau ba ta zauna a kan dutsen da ta saba ba, a tsaye take, ta yi ado kamar mai zuwa tarbar baƙo.

Ya ɗauki makullai ya sauka da kansa. Ɗakunan suna ƙasa, doguwar baranda ce mai warin maganin wanke ƙasa da gumi. Ya tarar da Tela zaune a bakin tabarma yana yi wa rigar wani mai gadi maɓalli. Allura haramun ce a gidan, amma rabin kakin ma'aikatan ta hannunsa ya bi, har da wandon da ke jikin Kwamanda, don haka kowa ya zama makaho.

Kwamanda ya gaya masa abin da kotu ta ce. Ya zaci zai ga murna. Tela ya soke allurar a wuyan rigar, ya ɗago kai.

"Yallaɓai, in da hali, a bar ni a nan."

Kwamanda ya dube shi, bai gane ba.

Tela ya ce ai labari yana ratsa bango. Duk wanda kotu ta saka, wata mota ce take jiransa a waje, a kai shi inda ba shi da suna. Ya ce nan ko ba komai Yaya ta san katangar da yake bayanta, tana kawo kaya a karɓa, in ya yi zazzaɓi a gaya mata. Can kuwa wace katanga za ta je ta tsaya?

"In na bar ka, ni za a ɗaure," in ji Kwamanda.

"In ka kai ni fa?"

Ga su nan su biyu, mai makulli da wanda aka kulle, gaba kura baya sayaki. Kwamanda ya dubi 'yar tagar da ke can sama kusa da rufi. Ya tuna tun yana sabon ɗauka aka koya musu cewa mai tsaro ba ya riƙe mutum sai da takarda. Yau takarda ɗaya ce tak a hannunsa, kuma cewa ta yi a kawo. Abin da ya ce a riƙe, murya ce a waya, wadda gobe za ta rantse ba ta taɓa magana da shi ba.

"Sa takalminka," ya ce. "Ba sakinka zan yi a bakin ƙofa ba. Gaban alƙali zan kai ka, a rubuta cewa an gan ka da rai, da ƙafafunka. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ya ciro ankwa ya ɗaura ɗaya a hannun Tela, ɗayar a nasa.

A tsakar gida direba ya sunkuyar da kai ya ce motar ba mai. Kwamanda ya san da safe aka cika ta, bai ja maganar ba. Mataimakinsa ya biyo su da sauri, ya ƙame, ya tambaya cikin ladabi ko an sami izini daga sama. Kwamanda ya ɗaga masa takardar kotu, ya ce da mai gadi ya buɗe. Mai gadin ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya zare sakata a hankali, kamar mai fatan wani ya hana shi.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta kama fuskar ƙanenta da hannu biyu ta ce ya rame, ta juya ta tare musu tasi. Su biyu a baya, ita a gaba da jakarta a cinya. Direban ya ga ankwa ta madubi, ya kashe rediyo. Tela ya manne fuska da gilashi yana kallon gari: an rushe layin shagunansu an kafa shingen bincike a wurin. A kowane shinge sojoji suna ganin kakin Kwamanda sai su sara masa su ɗaga ƙarfe. Tun daga shinge na farko ya lura da wata farar mota marar lamba, mai baƙin gilashi. Ba ta matso ba, ba ta kuma ɓace ba.

Mai shari'a 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, mura ta dushe mata murya. Lauyan gwamnati ya miƙe ya nemi a ɗage zama, ya ce hujjojin na sirri ne, bayyana su zai cutar da tsaron ƙasa. Ta ce to a nuna mata ita kaɗai a ofishinta. Ya ce shi ma bai gan su ba. Wani a bayan kotu ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Ta juyo ga Kwamanda ta tambaye shi ko tun da aka kawo masa mutumin nan an taɓa aiko da wata tuhuma a kansa.

"Babu, ranki ya daɗe."

"Wa ya ce ka ci gaba da riƙe shi bayan umarnin kotu?"

Ya ji idon lauyan gwamnati a gefen wuyansa. "A waya ake gaya mini," ya ce.

Ta rubuta, ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce ita ma ta yi rashi a tashar nan, ba ta buƙatar a koya mata mene ne tsoro. Amma dokar ikon tsarewa ta ba Minista, ba ta ba shi ikon mantawa da mutum ba. Ta sallami Tela, ta ce a cire masa ankwa a gabanta. Kwamanda ya lalubo makulli da hannun hagu, ya kwance Tela, ya kwance kansa.

Kotu ta tashi, mutane suka watse. Lauyan Tela ya leƙa waje ya dawo fuskarsa a canje. Ya ce zai shigar da sabuwar ƙara don a hana sake kamu, sai dai ofishin karɓar takardu ya rufe, sai gobe. Ya fita yana latsa waya, ya ce zai nemo 'yan jarida, kada su motsa.

Suka zauna a bencin baya, Yaya a tsakiya ta riƙe hannun ƙanenta gam. Ta ƙofar da aka bari a buɗe suna hango farar motar a ƙarƙashin bishiya, daidai bakin mashiga. An sauke gilashi kaɗan, hayaƙin taba yana fita. Wayar Kwamanda ta yi ta rawa a aljihunsa har ta gaji.

"Yallaɓai," in ji Tela a hankali, "ni suke jira ko kai?"

Kwamanda ya dubi motar. "Wallahi ban sani ba."

Wata dattijuwa mai shara ta shigo da tsintsiya da bokiti, ta fara daga gaban kotu tana tahowa benci-benci. Da ta iso kansu ta tsaya, ta ce ita dai in ta gama za ta kulle, amma ba ta da sauri, ƙafarta ciwo take. Ta ce su ɗaga ƙafa.

Su uku suka ɗaga ƙafafunsu, ta share ƙarƙashinsu.