Maigida ko Maimota

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, kuma ko a baki ni ba gwanar labari ba ce. Leïla, 'yar innata, ita ta matsa mini. Ta ce in ban rubuta ba ita za ta riƙa ba mutane labarin, kuma na san yadda take ƙara gishiri.

Sunana Nuriyya, daga Damagaram. Maigidana sunansa Rachidou. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Bafulatani ne haifaffen Maraɗi, amma tun yana yaro yake Faransa. Da na zo Paris na tarar da shi yana aikin dare a Rungis, babbar kasuwar da ake sarin abincin gari. Ɗakinmu yana kusa da Château Rouge, ƙarami, sai an naɗe katifa ake samun wurin salla. Yakan dawo da safe yana warin cuku, yana lissafa mini sunayen garuruwan da ya gani a jikin akwatuna. Ya ce ya gaji da ɗaukar abincin wuraren da bai taɓa takawa ba.

Wata rana ya ce in sauko in ga wani abu. Na tarar da farar mota, doguwa, tsohuwa, irin wadda Faransawa suke ce wa camping-car. A ciki akwai gado a saman kan direba, da murhun gas mai baki biyu, da ɗan firigo na sanyaya abinci, da bayan gida kamar akwatin aure.

"Ga gidanmu," in ji shi.

Na yi dariya, don na zaci wasa ne. Shi bai yi ba, sai na rufe baki.

Haka muka shiga hanya. Inda ake tsinkar inabi ya yi aiki, inda ake tsinkar tuffa ya yi, wani wuri ya taya masu kasuwa sauke kaya. In an biya shi sai ya nemi abincin garin. Na ci wani abu kamar ƙosai, amma da cuku a ciki, mai daɗi. Na ci wani yaji rawaya da ba ya ƙona harshe sai dai ya hau hanci, har na yi hawaye a gaban mai sayarwa. Akwai wani cuku da na fitar waje ya kwana a ƙarƙashin mota, don warinsa ya fi na daddawa. Kullum kafin mu saya yakan tambaya ko akwai alade ko giya. In abin ya ishe ni sai in tuƙa tuwon samul da miyar kuka, mu ci muna kallon shanun wasu.

Ban san ko ina son wannan zama ba. Wata safiya in buɗe ƙofa in ga rafi, in ji daɗi har cikin ƙirji. Wata safiya in rasa ina ne gabas, sai na tambayi waya. In mahaifiyata ta kira ta ce ina nake, sai in ce ina gida. Ban yi ƙarya ba, amma kuma ban ji na faɗi gaskiya ba.

Daga baya labari ya kai mata. Ita kuma ta kira yayarta, Inna Kaltouma, wadda ta daɗe a Lyon, a unguwar Les Minguettes. Inna ta aiko cewa tana son ganina.

Muka biya Paris na sayi kuka da busasshiyar kuɓewa a Château Rouge, na tsaraba da na hanya, sannan muka yi kudu. Da hantsi ya sauke ni a gindin benen su Inna. Ya ce zai je ya cika tankin ruwa ya samo abin gaisuwa, zai dawo kafin la'asar.

Inna ta rungume ni, ta riƙe fuskata ta juya ta dama da hagu.

"Kin rame."

"Inna, ban rame ba."

"Ni zan gaya miki. Ina shi?"

"Maigidan ya je ya..."

"Maigida? Wane gida? Ki ce maimota."

Leïla, wadda aka haifa a nan, tana kwance a kujera da waya, ta fashe da dariya. Ni na sunkuyar da kai.

Bayan mun ci shinkafa Inna ta kai ni wani ɗaki mai labule shuɗi, na ɗanta da ya koma wani gari. Ta bubbuga bango da tafin hannu.

"Kin ji? Ba ya motsi. Na yi magana da uwarki. Ko ya kama ɗaki kamar mutane, ko ki zauna nan har ya gama yawonsa. Gobe in zai tafi ya tafi shi kaɗai."

Na dubi ɗakin. Gadon yana da faɗi. Mutum zai iya miƙewa zaune bai buga kai ba.

La'asar ta yi, ta wuce, bai zo ba. Can sai ga wayarsa. Akwai hayaniya a bayansa.

"Nuriyya, ki ba Inna haƙuri, ina cikin bushon."

Wannan kalmar na san ta, kuma na ji daɗi da na sani. A Paris na koye ta: in motoci sun cunkushe ba gaba ba baya, shi ne bushon. Na ce wa Inna cunkoso ne ya riƙe shi, ya ce yana cikin bushon.

Leïla ta ɗago kai. "Wane bushon ɗin?"

"Kamar ya wane?"

"Ma chérie, nan Lyon ne. A nan bushon gidan abinci ne, irin na tsofaffin gari. Kuma marfin kwalbar giya ma bushon ne. Wanne mijinki yake ciki?"

"Waɗancan gidajen?" Inna ta dafa ƙirji. "Inda alade ne a gaba, alade a baya? Har hanjinsa suke ci! Wato ya ajiye mini 'ya kamar kaya, ya tafi cika ciki."

"Maman, wataƙila dai a hanya yake."

"Ke yi mini shiru. Nuriyya, me kika ji a wayar? Ham ɗin motoci ko ƙarar cokula?"

Na yi tunani. Da farko na tabbata ham na ji. Da ta ce cokula sai na fara jin cokula. Na ce ban sani ba. Na shiga bayan gida na tsaya ina duba fuskata a madubi, ina tuna duk abin da na ci a hanya. Ni ba na jin Faransanci sosai. In ya tambayi mai sayarwa, amsar da ya juyo ya faɗa mini ita na sani. Ban taɓa zarginsa ba sai ranar.

Dab da magariba ya iso, da 'yar roba a leda. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, barka da yamma. Mun same ku lafiya? Ya gida, ya yara?"

"Lafiya lau, Malam Maimota. Ya taya? Ya mai?"

"Alhamdu lillahi, Inna."

"An ce kana cikin bushon. Wanne?"

Ya dube ni, ya dubi Leïla. "Duka biyu, Inna. Na shiga na farko na sayo miki wannan, da na fito na faɗa na biyu."

"Ka shiga."

"A bakin ƙofa na tsaya, wallahi. Wani abokin aikina na Rungis ya ce mini akwai abu ɗaya na garin nan da Musulmi zai ci. Na sa mai dafawa ya haɗa a gabana, ba giya."

Ya buɗe robar. Wani abu ne fari, mai laushi, da ɗigon kore a ciki. Inna ta leƙa daga nesa ta ce mene ne sunansa.

"Cervelle de canut."

Leïla ta toshe baki. Inna ta ce ta fassara.

"Ƙwaƙwalwar kanu, Maman."

Ni abin da ya zo mini shi ne ƙwaƙwalwa ce ta gaske, ina tunanin wace dabba ce kanu, kuma wa ya yanka ta. Amma Inna wani abu ta ji. Ita da mahaifiyata Barebari ne. Ta gyara zama a hankali.

"Ƙwaƙwalwar Kanuri?"

"A'a, Maman, kanu. Masaƙan garin nan na da. Cuku ne kawai da ganye da tafarnuwa..."

"Na ji abin da na ji. Wato Bafulatani ya hau bene har ɗakina, ya kawo mini ƙwaƙwalwar Kanuri a roba."

A wurinmu Fulani da Barebari abokan wasa ne. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, sai dai a rama, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Na dubi maigidana. Kansa yana ƙasa, amma na ga yana danne dariya. Har yau ban san ko da gangan ya zaɓi wannan abinci ba. Na tambaye shi, ya ce Allah ne ya tsara.

Inna ta ce a ba ta burodi. Ta dangwala, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa.

"Fara fat, ba komai a cikinta sai nono," ta ce. "Wannan ai ƙwaƙwalwar Bafulatani ce. Shi ya sa ka kasa zama wuri ɗaya. Shanun sun ƙare, ka koma kiwon mota."

"Inna, ko motar ta fi Babarbare jin magana."

"Tashi ka ba ni wuri, bawana!"

Suka yi ta yi har aka kira salla. Inna ta cinye rabin robar tana cewa gishiri bai ji ba. Ni ma na ɗanɗana. Kamar kindirmo ne da aka yi wa kwaɗo. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan, har na fara neman mayafina.

"Ina za ki?" in ji Inna. "Wasa daban, magana daban. Shi ya sauka wurin motarsa. Ke kina nan."

Maigidana bai musa ba. A bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "Ban taɓa tambayarki ko kina son zaman mota ba, ko? In kina son zama a nan, ki zauna. Gobe da hantsi zan wuce, ana jirana a wata gona." Ya nuna mini ta taga inda ya ajiye motar, a wani fili can ƙasa, ta yi ƙanƙanta kamar sabulu.

Na kwanta a gadon mai faɗi. Ba ya lilo, ba ƙarar iska, gabas kuma Inna ta nuna mini tun da rana. Na ce wa kaina ai wannan shi ne hankali. Na yi barci mai nauyi.

Washegari bayan na yi salla na buɗe labule. Ba motar. Filin ya cika da rumfuna, ana ta sauke akwatunan tumatir da lemo, ashe ranar kasuwa ce. Ban san lokacin da na zura silifas ɗin Inna ba. Ban jira asansar, na'urar hawa da sauka bene, ba, ta matakala na sauka. Na shiga tsakanin rumfunan ina waige-waige, ni da ba na iya tambayar baƙo ko hanya. Na tare wani tsoho mai sayar da na'ana'a, Faransancin ya gudu daga bakina, na ce masa da Hausa, "Baba, ba ka ga gidana ba? Fari ne, dogo."

Bai gane ba. Na zana masa da hannu, na yi kamar ina murza sitiyari. Ya yi dariya ya nuna bayan wani bene. Ashe masu kasuwa ne suka tashi maigidana daga filin tun da asuba.

Na sami motar a gefen titi, taya biyu a kan dakali. Maigidana yana zaune a bakin ƙofa da kofi a hannu, ya dubi ƙafafuna. Na raɓa shi na shiga, na kunna gas, na ɗora ruwa. Sannan na ɗauki wayarsa na kira Inna, na ce mata ta sauko ta sha shayi a wurina kafin mu tafi, kuma ta taho mini da mayafina.